Shekarar Da Na Ciyar Da Gara

Ina jin abin da kuke gaya wa baƙi in sun zo kallon gonar tudu. Wai babanku mutum ne mai hangen nesa, wai tun yana yaro yake son itatuwa. Ranar nan har autana Sahabi na ji yana faɗa wa wani mai babur wai na yi karatun ƙasa. Karatun ƙasa! Ni da makarantar lakwal ta kora tun ban iya ɗaure wando da kyau ba, saboda ƙadangaren da na ajiye wa mushe, wato malaminmu, a aljihu. Wannan rubutun ma da kuke gani kamar kaza ta yi tono, a ajin yaƙi da jahilci na tsince shi, gemu ya riga ya fito. To ku bar ƙawata ni tun ina da rai. Bakina ne ya kai ni gonar tudu, yunwa kuma ta riƙe ni can.

Damina biyu bayan babbar yunwar nan, wadda aka rufe iyaka muna ji muna gani, Allah ya yi wa kakanku rasuwa. Sai maganar rabon gandu ta taso. Gonaki biyu ya bari. Akwai jigawar gindin gari, mai laushi, wadda ko da ƙafa ka shuka sai ta ba ka. Akwai kuma fakon tudu, can sama ta wajen hanyar Illela. Ku da kuka tashi kuka tarar da inuwa a wurin ba ku san fako ba. Ƙasa ce da ta mutu ta ƙeƙashe, ja, mai sulɓi kamar daɓen ɗaki. Ruwan sama in ya faɗo mata ba ya ko gaisuwa, gudu yake yi zuwa kwari kamar ɓarawo. Ko akuya ba ta tsayawa can ta yi fitsari. Dattawa sun riga sun shirya raba mana jigawa gida biyu, a bar wa iska fako, sai yayana Idi ya gyara murya. Kun san baffanku, mutum ne mai sanyin magana, wanda in ya fara nasiha sai fura ta yi tsami a kwano. Ya ce Ilo ba manomi ba ne, surutu ne sana'arsa, in aka ba shi rabin jigawa zai kashe ta. Gara a bar gandu haɗe, shi ya riƙa auna mana hatsi. Jini ya hau mini ka, na miƙe.

“Yaya, ni ko fako anka ba ni, sai na ci tuwo na ba maƙwabta.”

Idi bai yi dariya ba. Ya juya wajen dattawa.

“Kun dai ji da kunnuwanku.”

“Mun ji.”

Ban taɓa ganin fatihar da aka shafa da sauri irin ta ranar ba.

Kafin in iso gida labari ya riga ni. Na tarar da uwarku Hajo tana daka, ba ta ko ɗago kai ba.

“Maigida, an ce ka yi gado.”

“An yi rabo, Hajo.”

“An ce kai ka zaɓa da bakinka.”

Na fara bayanin cewa magana ce ta maza, sai ta jingine taɓarya.

“To ji nan. Damana guda na ba ka. In kaka ta yi babu hatsi a rumbunmu, ni da ɗiya mun tahi Tsarnawa gidan Baba. Kai ko ka tahi Malbaza ka yi dakon siminti, ka ba maƙwabtan can.”

Hajo ba ta magana biyu, ku shaidu ne. Akwai wata hanya kam, kowa ya san ta: in ɗauki goro in je in durƙusa gaban Idi, in koma gandu, ya riƙa auna mini hatsi da nasiha a kai. Na ce a raina gara in ci simintin.

Ana cikin haka, sanyi na ƙarewa, mutanen furoje, masu aikin raya karkara, suka zo wurin maigari. Suna son mutum guda daga kowane gari ya je Illela ya koyo yadda ake raya ƙasar da ta mutu. Masu ƙarfi sun tafi cin rani, masu gonakin ƙwarai sun ce ba su da matacciyar ƙasa. Maigari bai yi dogon tunani ba.

“Ku ɗauki Ilo. Ƙasar da ta fi kowace mutuwa tasa ce, kuma gari ya ɗan huta da bakinsa.”

Ni ma ban ƙi ba, don na ji ana ba da shinkafa da sardin, kuma na sa rai a ƙarshe za a ɗora wa kowa buhun takin zamani. Mai koya mana wani siririn saurayi ne mai tabarau, Mushe Salifu, wanda ya je ƙasar Mosi ya ga yadda manomansu ke yi da irin ƙasarmu. Ranar farko, maimakon ya buɗe magaza, ɗakin ajiyar kaya, ya fara rabo, sai ya kwashe mu, manya da gemunanmu, ya kai mu saman wani fako ya ce mu duba.

“Mu dubi mi, Mushe?”

“Ku dubi inda ruwa ke bi.”

“Mushe, rani ne.”

“Ya bar sawu. Ku nemi sawunsa.”

Haka muka wuni a duƙe kamar mafarauta na bin zomo, muna duban inda tsakuwa ta taru, inda ɗan haki ya maƙale, inda ƙasa ta zaizaye. Kashegari tambayoyi. Daga ina iska ke zuwa gonarka? Me gidanka ke zubarwa? Toka, ƙaiƙayi, ruwan wanka, kashin awaki, ina suke tafiya? Ya ce a gidan da ya san kansa babu shara, abin da wannan ya bari abincin wancan ne. Na ce to Mushe, in haka ne, sauran sardin da ka bari a kwano ni ne wancan. Ya yi dariya ya miƙo mini, amma bai daina tambaya ba. Na zo neman taki, an mai da ni ɗan sandan ruwan wanka.

Daga baya dai aka zo kan aiki. Ya nuna mana tassa: rami kamar faɗin ƙwarya, zurfinsa ya shanye hannu har wuyan hannu. Ƙasar da ka tono ka tara ta a gefen gangare, yadda ruwa in ya taho da gudu zai faɗa ciki ya rasa mafita. Ramukan kuma ba a jera su kai da kai, ana saɓa su, wanda ya kuɓuce wa na sama na ƙasa ya tare shi. A jera duwatsu su gitta wa ruwa hanya. Kututturan sabara da kalgo da muke ƙonawa kowace shekara, a bar su, a zaɓi rassa masu ƙarfi a sassabe sauran. Duk wannan na haɗiye. Sai ya ce a zuba taki a kowane rami tun da rani, tun ruwa bai zo ba, domin gara ta samu ta zo.

“Gara, Mushe?”

“Gara. Ita za ta ja takin ƙasa, ta huda fakon, ruwa ya bi hanyoyinta ya shiga. Lebura ce da ba ta neman lada.”

Wani tsoho daga Alela da ke gefena ya yi a'uziyya da ƙarfi. Gara fa! Wadda ta ci mana zana, ta ci azara, ta ci gindin rumbu, ta shiga akwati ta cinye babbar rigar kakanku ta bar masa wuya kawai. Tun muna yara ake koya mana in ka gan ta ka zuba mata toka. Yau ni zan ɗauki abinci in hau tudu in kai mata. A ƙarshe babu buhu ko ɗaya. Diga aka ba kowa, ita ma aro.

Da na dawo na gaya wa Hajo komai, ramuka, duwatsu, sabara, amma na tsallake gara. Ku ma ku auna. Matar da ta ba ka damina guda, ka zo ka ce mata za ka yi kiwon gara? Sai ta rage ta koma rabi. Ga shi mutumin da ya sayar da jigawa da baki, gari na jira ne kawai ya ga ranar da zai fara tsince-tsince a bola.

Na shiga tono cikin zafin bazara. In na sara diga sai wuta ta yi tartsatsi, ƙarar ta bi hannu ta hau har haƙora. Tafin hannuna ya kumbura ya fashe ya sake kumbura. Masu wucewa kasuwa kuwa sun samu abin kallo kyauta.

“Ilo, kajin wa sunka mutu kake gina musu kaburbura?”

Idi ma ya biyo bisa jakinsa, ya tsaya ya daɗe yana kallo.

“Sannu da aiki, ƙanena. Maƙwabta na gaishe ka, sun ce a sa miya da yawa.”

Sai matsalar taki. Ba ni da sa, ba ni da saniya, jaki guda ne da awakin Hajo. Itace ya yi nisa a shekarun nan, don haka uwarku busasshen kashin shanu take tarawa bayan ɗaki tana hura wuta da shi. Na fara ɗiba kaɗan kaɗan ina cika mangala. Ranar nan dai aka ajiye mini tuwo, na kai loma, gari na ƙasƙas a haƙori.

“Hajo, tuwon ga bai nuna ba.”

“Wutarsa na gona. Ka bi ta can.”

Wanda ya cece ni Agali ne, wani Buzu da ke sauka da bisashensa kusa da rijiya kowane rani. Ya ce in share makwancinsu in kwashe, bai son komai. Sai dai yana zaune yana dafa shayi yana kallona ina rarrafe ina tara kashi da hannu.

“Kai Bahaushe, an ce mini yunwa ta taɓa ku. Ban san ta kai nan ba.”

Na haƙura, na kwashe, na zuba rami rami. Ba a daɗe ba ya tattara ya yi arewa, don ya hango hadari ya fara leƙowa.

Wata safiya na ɗaga ɓawon taki a wani rami, sai ga su. Farare, sun yi cincirindo, sun huda ƙasar da ta karya mini hannu, ƙofofi ƙanana ko'ina. Allah ya yafe mini, na durƙusa na ce musu sannunku da aiki. Ko ranar sunan yayarku Rabi ban yi murna haka ba.

Bakin diga ya lanƙwashe, maƙerin garinmu ya ce ƙarfen ya fi ƙarfinsa, sai na kai ta Konni. Na kwana biyu can, kun san ni da kasuwa. Ina dawowa ban shiga gida ba, na wuce tudu in gai da leburorina. Tun daga nesa na ji kukan zabi. Ba na gida guda ba, na unguwa. Na hau da gudu. Ga zabi sun baje cikin gona, kowace ta sa kai a rami tana tono da ƙafa, taki na tashi sama, iskar bazara na share shi a kan sulɓin fako tana kai wa kwari. Ga Hajo tsaye a tsakiya da sanda da ƙwaryar toka, fuska cike da alfahari. Ashe ta hau ɗiban sabara, ta leƙa rami ta ga gara. A wurinmu kuwa macen da ta samu gara ta samu abincin zabi, kuma wadda ta ga gara cikin kayan mijinta ta yi shiru ba matar ƙwarai ba ce.

“Hajo! Mi kike yi?”

“Ceton gonarka nike. Gara ta cinye maka taki kana yawon Konni. Har zabin maƙwabta na kira don aikin ya yi sauri. Inda ba su kai ba na bi da toka.”

Maƙwabta dai sun ci, alkawari ya cika.

“Ni na gayyato ta!”

“Ka gayyato wa?”

“Garar!”

Ta ajiye ƙwarya a hankali, ta dube ni daga sama har ƙasa.

“Inna lillahi. Tun yaushe abin ya fara maka?”

Na tsuguna ina zane a ƙasa da tsinke kamar Mushe Salifu, ina ihu, ina nuna mata yadda ruwa ke bin hanyar gara. Na kama hannunta na sa yatsanta cikin wani rami, ya nutse a ƙasar da diga ke tsalle a kanta. Ta murza ƙasar tsakanin yatsunta.

“To mi ya hana ka faɗa mini?”

“Da kin ce na haukace.”

“Da na ce. Amma da ban kawo zabi ba.”



Fiye da rabin ramukan sun koma wayam. Hadari na haɗuwa gabas kowace la'asar. Agali ya tafi, tarin bayan ɗaki ya ƙare, kowa a gari ya riga ya kai takinsa gona. Turke guda ya rage da ba a kwashe ba, na mutumin da ba ya gaggawa a komai. Hajo ce ta faɗi abin da nake gudu.

“Ka tahi wurin Yaya.”

Na sayi goro na tafi. Idi na ganin goro a hannuna fuskarsa ta washe. Ya sa aka shimfiɗa tabarma, ya aika aka kira maƙwabta su zama shaidu, ya buɗe nasiha kan zumunta da haƙuri da illar harshe. Na zauna ina sha. Da ya gaji ya ce:

“Faɗi abin da ya kawo ka, ƙanena, kada ka ji kunya. Ɗan'uwa rabin jiki ne.”

Na tura goro gabansa.

“Yaya, kashin shanunka nike so.”

Wani dattijo ya ƙware da goro, sai da aka buga masa baya. Idi ya dubi goro ya dube ni, yana neman inda na ɓoye tsiyar, don ya saba. Da ya ga da gaske nake, sai ya gyara zama. Ya ce jigawarsa ma na buƙata, amma zai ba ni rabi. Sai dai ba da jaki ba, ba kuma ta bayan gari ba. A kaina, cikin kwando, da rana, ta dandali inda majalisa ke zama. Ban ga laifinsa sosai ba, tun muna yara nake sa gari na yi masa dariya. Amma wallahi na ji zafi, har yau in na tuna sai wuyana ya yi tsami.

Na ɗauka. Zabi sun riga sun kai labarin gara kowane gida. Ina shigowa dandali, taki na zubo mini a ka, sai Sarkin fawa ya miƙe ya dunƙule hannu yana jinjina.

“Hattara dai, Sarkin Gara! Mai ciyar da talakawansa! A gai da mai fada a ƙarƙashin ƙasa!”

Majalisa ta kwanta da dariya. Ni da na raɗa wa rabin garin nan suna, ranar aka raɗa mini nawa, kuma kun san har gobe da shi ake aiko mini goron biki. A sawu na biyu na ji tafiya bayana. Hajo ce da nata kwandon. Ta wuce gabana ta shiga dandali kai tsaye. Wanda duk ya buɗe baki sai ta tsaya ta zuba masa ido, har ya tuna yana da aiki a gida. Haka muka yi ta yi har rabon nan ya ƙare.

Ruwan farko da ya sauko, mutane na gudu cikin ɗaki, ni na yi tudu. Na ga ruwa ya taho da gudunsa na kullum, ya ci karo da duwatsu ya rage, ya faɗa rami, ya faɗa na gaba. Gona duka ta zama idanu, kowane cike, suna kallon sama. Muka shuka. Hatsi ya fito tuntu tuntu, jar ƙasa tsakani. Ramukan da zabi ba su kai gare su ba suka yi kore shar, waɗanda muka sake zuba wa taki a makare suka fito sirara, don gara ba ta samu lokacin aiki ba. Tsakiyar damina ruwa ya ɗauke har ganye ya fara naɗewa, amma na cikin rami ya jure. Da kaka mutane suka riƙa hawa tudu suna taɓa zangarniya, wai su tabbata ba dasa ta na yi ba.

Kada ku ce na fi Idi samu, ƙarya ne, jigawarsa ta ninka ni. Da muka zuba dammunan a rumbu sai ka leƙa da kyau kafin ka gan su. Hajo ta hau ta sa kai ciki, ta daɗe, ta sauko.

“Wanga ba ya kai mu ƙarshen ɗari.”

“Amma hatsi ne, Hajo.”

“Hatsi ne.”

Kashegari ta kama zabinta ta ɗaure, ta goya ƙaraminku, ta tsai da mai amalanke.

“Za ni Tsarnawa. Ka kula da sauran.”

Ban tambaye ta ko za ta dawo ba, don ina tsoron amsa. Matar Idi ce ta riƙa aiko muku tuwo, ni kuwa ina zaune ƙofar gida ina kallon hanya, ina lissafin yadda buhun siminti zai zauna a bayana.

Ana nan, wata hantsi sai ga amalanke ta shigo gari tana ƙara, jaki na nishi. Hajo na zaune can ƙoli bisa buhuna kamar matar kumandan. Buhu guda hatsi ne, babanta ya ba ta. Sauran duka kashin awaki ne, ta share gidansu da na dangi kaf. A cinyarta ga sabuwar diga, zabin ne suka koma haka. Na tsaya baki buɗe.

“Ka tsaya kallona? Sauke. Fakon ga rabinsa ba a tona ba, kuma gefen gabas nawa ne, wake da yakuwa zan sa. Daga yau duk abin da Mushe ya faɗa ni za ka fara gaya wa, har wanda kake jin kunya.”

Na sauke buhunan ɗaya bayan ɗaya. Wari ya cika gida, kuna toshe hanci kuna kuka, ƙudaje suka taso daga unguwa uku. Ni kuwa na zauna bisa buhu guda na shaƙa har cikin ƙirji, na sake shaƙa.